Ruwan da Ke Ƙarƙashin Falon Mai Tayil

Baba Mai Tayil mutum ne da Allah bai yi shi don zama ba. In ka ba shi kujera sai ya dafa ta ya ce ya gode, ya ci gaba da magana a tsaye. Shayi ma a tsaye yake sha, yana zagaya tsakar gida da kofi a hannu, har matarsa ta gaji da cewa ya zauna ta sa masa ido. Mutanen layinsu sun san tafiyarsa tun daga nesa. Gajere ne, kafaɗarsa ɗaya ta ɗan sauka saboda shekarun ɗaukar kwalin tayil, kullum yana tafe yana kallon ƙasa kamar wanda ya yar da allura. Ba abin da ya yar, daɓen mutane yake dubawa.

Tun yana saurayi yake shimfiɗa tayil, kuma sana'ar ta shiga jikinsa fiye da yadda ya kamata. Duk inda ya shiga, shago ne ko ofis ko gidan aboki, kafin ya gama amsa gaisuwa ya zaro makullin gidansa ya sunkuya ya ƙwanƙwasa ƙasa, ya karkata kai yana saurare. Ya taɓa zuwa duba wani abokinsa a asibiti, ya dawo gida yana ta faɗa a kan wanda ya shimfiɗa tayil ɗin ɗakin. Da matarsa ta tambaye shi ya jikin mara lafiyan, sai ya yi tsuru, don bai tuna ya tambaya ba.

Gwiwoyi ne suka yi masa ritaya, ba shi ya so ba. Mai tayil da gwiwa yake cin abinci, shi kuwa nasa sun ci sun ƙoshi. Likita ya duba hotonsu ya gaya masa cewa in ya ci gaba da durƙuso, wata rana sai an ɗauke shi daga wurin aikin. Ya yi gardama, ya sha magani, ya shafa man zafi, daga ƙarshe ya wanke cokalin gininsa da igiyarsa da ma'auninsa ya rufe su a akwati. Hannuwansa ba su ji wannan labari ba, suna nan da ƙarfinsu suna neman aiki, shi ya sa gidan ba ya hutawa da shi.

Abu ɗaya ya rage masa daga sana'ar, kuma a cikin gidansa yake: daɓen falo.

Ba sayen tayil ɗin falon nan ya yi ba. Duk aikin da ya gama, in an samu ragowar guda ɗaya ko biyu, sai ya roƙi mai aikin ya ba shi, ya kawo gida ya jingina a bayan ɗaki. Shekara da shekaru yana tarawa, matarsa tana ce masa mai tsince-tsince. Da ya ji gwiwoyinsa sun fara yi masa gargaɗi, sai ya fito da su duka, ya wanke, ya jera a tsakar gida yana sauya musu wuri har ya samu yadda yake so. Shi kaɗai ya shimfiɗa su, ko mai kwaɓa siminti bai ɗauka ba. Ba guda goma masu launi ɗaya, amma duk wanda ya shiga falon sai ya tsaya a bakin ƙofa ya ce kai. Masu duhu ya bi gefe da su, masu haske suna shigowa a hankali, a tsakiya kuma ya yanka shuɗi da fari ya haɗa wani zagaye da babu irinsa a ko'ina. In ka yi kuskuren yabawa, ka zauna ke nan. Zai nuna maka da yatsan ƙafa: wannan daga wani ɗakin haihuwa, wancan daga matakalar wani otal, wancan ja kuwa daga gidan mutumin da ya ɓata masa rai har ya rantse ba zai koma ba, kuma ya koma.

A lokacin ne ya yi abin da mai tayil kaɗai zai yi. Gidan siriri ne, maƙwabta sun matse shi hagu da dama, falon ya cinye faɗinsa duka. Ruwa daga mita a bakin ƙofa yake shigowa, kicin da banɗaki kuma suna baya, don haka dole bututu ya ratsa falo. Mai gyaran famfo na wancan lokacin ya ce a bi da shi ta jikin bango, a fili, inda za a gan shi in ya samu matsala. Baba Mai Tayil ya dube shi kamar ya zage shi. Bututu a fili, a gefen wannan daɓe? Ya sa aka haƙa, aka binne bututun ya ratsa ta tsakiyar falo, ya zuba siminti a kai, ya ɗora zagayensa na shuɗi da fari daidai inda aka haɗa bututu biyu. Ko ƴar ƙofar dubawa bai bari ba, don za ta ɓata masa layi.

Shekaru suka wuce lafiya, har ya manta. Sai wata safiya takardar kuɗin ruwa ta zo.

Matarsa ce ta tsince ta a ƙarƙashin ƙofa. Shi yana kiranta Uwar yara, ko da yake yaran duk sun tashi sun bar su su biyu. Ta miƙa masa takardar ta ce, "Malam, ko dai mun buɗe gidan wanka ne ban sani ba?"

Ya karɓa, ya nesanta ta da ido, ya kusanto da ita, ya fita waje da ita don ya ga haske. Kuɗin ya ninka abin da suka saba biya, ya sake ninkawa, har ya wuce abin da yake samu a hayar ɗan shagon da suke ci da shi. Wani tunani ya faɗo masa, ya yi saurin kawar da shi.

"Kuskure ne," in ji shi. "Mutanen nan a inuwa suke zama su rubuta abin da suka ga dama."

Ko shayinsa bai ƙarasa ba ya zura takalmi ya nufi ofishin ruwa. Can ya tarar da layi. Layi kuwa ba abokinsa ba ne, sai ya tsaya kaɗan ya fita ya leƙa taga, ya dawo ya tarar an cike gurbinsa, ya koma baya yana mita. Sai wajen azahar ya isa gaban wata ma'aikaciya mai gilashi, ya dire mata takardar.

"Ƴata, mu biyu ne a gidan nan, ni da tsohuwa. Ko kogi muke sha ai ba za mu sha wannan ba. Mitarku ta haukace."

Ta duba takardar ta duba na'urarta, ba ta ɗaga murya ba. "Baba, ka koma gida ka rufe duk famfunan, kada a bar ko ɗaya. Sai ka buɗe murfin mita ka duba ɗan jan abin nan da ke tsakiya. In ya tsaya cak, laifinmu ne, ka dawo mu gyara. In kuwa yana juyawa, ruwa na zuba a wani wuri cikin gidanka. Daga mita zuwa titi namu ne, daga mita zuwa ciki naka ne."

Ya dawo da sauri kamar ana binsa. Ya rufe na kicin, ya rufe na banɗaki, ya rufe na tsakar gida, ya hana Uwar yara motsi. Ya ɗaga murfin ƙarfen da ke bakin ƙofa ya sunkuya, hannu a kan cinya. Ɗan jan abin yana juyawa abinsa a hankali, ba gaggawa, ba hutu. Ya daɗe yana kallonsa ko zai gaji ya tsaya. Bai tsaya ba.

Daga ranar nan gidan ya zama filin bincike. Ya kwance famfon kicin ya sauya masa roba, alhali robar ba ta yi komai ba. Ya buɗe tankin masai ya lanƙwasa ƙarfen ciki, ya miƙe shi, ya sake lanƙwasawa har ya karya, ya tafi kasuwa ya sayo sabo. Ya tona gindin famfon tsakar gida ya tarar da ƙasa busasshiya ƙamas. Bayan kowane gyara sai ya ruga bakin ƙofa ya ɗaga murfi, ya dawo da fuska a murtuke. Murfin nan ya sha ɗagawa har ƙararsa ta zama agogon layin.

Da famfuna suka ƙare sai ya koma kan mutane. Ya ce Uwar yara tana wanke kwano ɗaya sau uku. Ta ce shekara nawa tana wanke kwanon nan haka, sai bana ya fara shan ruwa? Ya ce to ai kuwa maƙwabcinsu tela ne ya huda bango ya ja musu ruwa. Ya shiga shagon telan da sunan gaisuwa, idonsa na bin gindin bango. Telan ya gane, ya dakatar da kekensa ya ce, "Baba, in ruwa kake nema ga randa can, sha ka ƙoshi. Ni ma saye nake." Ya fito da kunya, ya yi kwanaki yana bin ɗaya gefen titi.

Ruwa ba ya tsami banza, Baba Mai Tayil kuwa ya fi kowa sanin haka. Gaskiyar magana ita ce tun safiyar da ya riƙe takardar nan ya san inda ruwan yake. Ya sani sarai. Duk wannan kai da kawowa neman wani wuri yake da zai ɗora wa laifin, ko Allah zai sa a dace. Mutumin da ke ƙwanƙwasa daɓen asibiti da na banki, makullinsa bai taɓa tsakiyar falonsa ba ko sau ɗaya a duk kwanakin nan. Tsoro yake ji, irin tsoron mai ciwon da ya ƙi zuwa gwaji. Ya san in aka fasa daɓen nan ba shi da gwiwar da zai sake shimfiɗa shi, kuma ba kasuwar da ake sayar da irin tayil ɗin.

Sai ya ɓullo da dabara. Ya rufe babban makullin ruwa da ke kusa da mita, ya ce daga yau sau ɗaya za a riƙa buɗewa da safe, a tara a bokitai a rufe. Uwar yara, da ta yi shekaru tana murɗa famfo a kicinta, ta koma jan bokiti daga wannan ɗaki zuwa wancan da bayanta mai ciwo. In ya buɗe makullin sai ya tsaya a kai yana ƙwala mata kira, "Ya cika? Ki yi sauri mana!" Ita kuma daga ciki ta amsa, "Ka zo ka gaya wa famfon, ni ba ni nake zubowa ba."

Dabarar ba ta yi nisa ba. Wani lokaci ya buɗe sai wani tunani ya ɗauke shi, ya fita kasuwa neman wata roba, ruwa ya wuni yana tafiya. Wani lokacin ita ce za ta faki idonsa ta buɗe don ta yi wanki kamar sauran mutane. Takarda ta biyu da ta zo ta ɗan sauka, amma ba ta sauka inda talaka zai numfasa ba. Kuɗin maganin gwiwarsa ne ya tafi wurin.

Uwar yara ba ta san bututu ba, amma ta san mijinta. Ta lura ya daina ratsa tsakiyar falo, sai ya bi ta gefe kamar mai kewaya rijiya. Ta lura ya daina jan baƙi ya nuna musu daɓen. Rannan kuma ta fito ta tarar ya jawo tsohuwar dardumar da ya hana a shimfiɗa tun ranar da aka gama falon, ya rufe zagayen shuɗi da farin nan da ita, ya ɗora tebur a kai. Da ya fita ta ɗaga gefen dardumar. Layukan da ke tsakanin tayil sun yi baƙi, ƙasan dardumar ya yi sanyi, ga wani wari irin na ɗakin da ya daɗe a rufe. A gindin bangon da ke kusa, fenti ya fara kumbura. Ta mayar da dardumar yadda take.

Da ya dawo ta ce, "Malam, barin kashi a ciki ba ya maganin yunwa."

"Me kuma aka yi?"

"Ka fi ni sani."

Ya ɗauki hularsa da ya ajiye yanzun nan ya sake fita, ya zagaya layin ya dawo ba tare da ya je ko'ina ba. Tausayinsa ya kama ta, shi ya sa ta yi shiru ta ci gaba da jan bokitinta. Ita ma ta san me daɓen nan yake a wurinsa. Tana gani lokacin da yake shimfiɗa shi, yana cije leɓe don kada ta ji nishinsa.

Abin da ya kawo ƙarshen ɓoyon, wata safiya ce da ta ɗauko bokiti cike za ta kai kicin. Nauyi ya hana ta kewayawa, ta ratsa ta gefen tebur. Tana taka dardumar sai ta ji ƙasa ta ɗan lotsa, ruwa ya tsattsafo, dardumar ta zame da ita. Ta faɗi a kan kwankwasonta, bokitin ya kife. Baba Mai Tayil yana bakin ƙofa a kan makullin ruwa ya ji ƙarar. Ya shigo ya tarar da ita zaune cikin ruwa, ta dafe ƙugu. Ya yi ƙoƙarin ɗaga ta, gwiwoyinsa suka ƙi, sai da ya leƙa ya kira telan nan da ya zarga suka kama ta tare.

Ba ta karye ba, Allah ya kiyaye, targaɗe ne da ƙujewa. Amma labari ya kai wa Auta, ƴarsu ta ƙarshe, wadda ke aure a ɗaya gefen gari. Kafin la'asar ta iso, kuma ba ita kaɗai ba, da mai gyaran famfo a bayanta riƙe da jakar kayan aiki.

"Baba, ina wuni," ta ce, ta durƙusa ta gaishe shi yadda ta saba. Ta miƙe ta ƙara da cewa, "Na zo da mai gyara. Don Allah kada ka ce komai, ka bari ya duba."

Baba Mai Tayil ya tsaya a bakin ƙofa, ya koma taga, ya dawo bakin ƙofa.

Mai gyaran mutum ne mai sanyin hali, ya kai shekara arba'in. Ya janye tebur, ya naɗe dardumar, sai ya tsaya yana kallon daɓen. "Baba, wa ya yi wannan aikin?"

A da, wannan tambayar wuni guda take ci. Yau sai ya ce, "Ni ne," ya kawar da kai.

Mai gyaran ya sa aka buɗe ruwa, ya kwanta ya kafa kunne a ƙasa, ya matsa gaba ya sake kafawa. Ya tashi ya karkaɗe riga, ya nuna tsakiyar zagayen. Baba Mai Tayil ya yi saurin tarar numfashinsa.

"Ɗana, ba sai an fasa ba. Ka yanke bututun daga bakin ƙofa, ka ja sabo ta jikin bango. A fili ma ba komai. Ka bi da shi ta inda ka ga dama, ko ta kan taga ne."

Uwar yara, da ke kwance a doguwar kujera, ta dube shi ta kawar da kai. Ita kaɗai ta san abin da ya ci kafin ya furta wannan magana.

"Haka zan yi, Baba," in ji mai gyaran. "Sabon bututu gobe zan ja shi, mita ta tsaya. Da a watan farko ne, shi ke nan an gama, daɓenka ko ƙwarzane ba zai samu ba. Amma yanzu ruwa ya daɗe yana cin ƙasar da ke ƙarƙashi. Ka ga bangon can ya fara sha. Ni dai famfo na sani, daɓe naka ne. Kai za ka faɗa mana."

Baba Mai Tayil ya sa hannu a aljihu ya zaro makullinsa, ya sunkuya ya ƙwanƙwasa tayil ɗin bakin ƙofa. Ƙarar ta fito a dunƙule, yadda ya kamata. Ya matsa ya sake, ya sake. Yana kusantar tsakiya ƙarar tana sauyawa, har ta koma irin ta tulun da ba komai a ciki. Ya bi ta gabas, ya bi ta yamma, yana neman inda ramin ya tsaya. Ya fi faɗin tabarma, ya cinye zagayen duka har ya miƙa wajen bango. Siminti ne kawai ke rataye a kan rami, yau ya lotsa da tsohuwa, gobe zai rufta da jika.

Ya miƙe a hankali. "A buɗe," in ji shi. "Amma ba wanda zai sa guduma a nan sai ni. Ɗaya bayan ɗaya zan ɗaga su, lafiyayyu. A cike ramin, in ya bushe a mayar da su yadda suke."

"Baba, gwiwarka," in ji Auta.

"Ɗauko mini akwatina."

Washegari da safe mai gyaran ya ja sabon bututunsa ta jikin bango, fari tas, a fili, mita ta tsaya. Ba wanda ya yi murna. Auta ta ninka bargo ta ajiye a ƙasa, ita da mai gyaran suka kama Baba Mai Tayil ta hammata suka sauke shi a kan gwiwoyinsa. Ya yi wani nishi da ya sa Uwar yara ta runtse ido. Amma da ya riƙe guduma da cizal, ƙarfen nan na sassaƙa, sai fuskarsa ta washe, hannuwan nan suka samu abin da suka daɗe suna nema.

Ya fara da tayil ɗin gefe, wani mai launin ruwan ƙasa. Ya kankare layin da ke kewaye da shi tsaf, ya kwantar da bakin cizal a ƙarƙashinsa, ya buga a hankali kamar mai ƙwanƙwasa ƙofar surukai. Bai motsa ba. Ya ƙara ƙarfi kaɗan. Tayil ɗin ya tsage gida uku.

"Wannan dama siriri ne," ya ce. Ya koma na kusa da shi, ya sauya wajen shiga, ya bi shi da lallashi. Ya fashe. Na gaba ma ya fashe. Jan nan na gidan mutumin da ya ɓata masa rai ya tarwatse har ɓarɓashinsa ya kai ƙofar kicin. Gumi ya jiƙa masa riga. Ya ɗauki wani ɓallin ya juya bayansa, ya ga siminti ya kama shi daga gefe zuwa gefe, ba inda ko tsinke zai shiga. Nan ya gane abin da ya kamata ya gane tun jiya, da son zuciya bai rufe masa ido ba. Tayil ɗin da aka shimfiɗa da kyau ba ya fita lafiya. Ya zama jiki ɗaya da simintin, sai dai su mutu tare. Na maha'inci ne ke ɗagowa salin-alin, don dama bai kama ba.

Ya nuna wa mai gyaran ɓallin. "Ka gani? Ko iska ba ta samu wurin zama ba."

"Na gani, Baba. Aiki ya yi."

"Shi ya sa ba zan samu ko ɗaya ba."

Auta ta ce ya bari haka, mai gyara ya ƙarasa. Ya girgiza kai ya ja bargonsa gaba. Ya shiga cikin zagayen, shuɗi na fashewa, fari na fashewa, yana share ɓarɓashin da gefen hannu yana ci gaba. Can ya kafa cizal a ƙarƙashin wani shuɗi mai kyau, ya ɗan taɓa shi da guduma, sai ga shi ya ɗago gaba ɗaya, ko ƙwarzane babu.

Auta ta yi tsalle. "Baba, ga ɗaya ya fita! Mama, kin gani? Ya fita lafiya!"

Shi ma fuskarsa ta haskaka, ya ɗauke shi da hannu biyu. Sai ya juya bayansa. Siminti ɗigo-ɗigo ne a kusurwa huɗu da ɗan guntu a tsakiya, sauran duk wayam. Irin aikin da ya sha korar ma'aikata a kansa ke nan. Ya duba hagu ya duba dama kamar mai neman wanda zai kama, alhali kowa a ɗakin ya san shi kaɗai ya shimfiɗa falon nan.

"Wannan ba hannuna ba ne," in ji shi.

"To hannun wa?" in ji Uwar yara daga kan kujera. "Aljanu ka ɗauka aiki? Malam, a kwanakin ƙarshe na shimfiɗa daɓen nan da rarrafe kake fita daga falon nan, ina kallonka. Ka gode wa Allah da ka yi ha'inci sau ɗaya, ga shi ka samu na tunawa."

Mai gyaran ya sunkuyar da kai yana danne dariya. Baba Mai Tayil bai yi dariya ba. Ya miƙa wa Auta tayil ɗin ba tare da ya dube ta ba, ta rungume shi a ƙirji. Ya juya ga na gaba, wani fari da ya yanka da hannunsa ya ba shi siffar ganye. Ya kankare layinsa, ya kwantar da cizal, ya ɗaga guduma, sai hannun ya tsaya a sama. Duk safiyar nan roƙo ɗaya yake a zuciyarsa, Allah ya sa wannan ya fita lafiya. Yanzu ya rasa abin da zai roƙa.

Ya buga. Farin ya tarwatse, kowane ɓalli da simintinsa manne a baya.

"Yauwa," in ji shi, hawaye na bin gemunsa. Ya ja bargon ya matsa ga na gaba.